Mario, Sonic da Sauran Gem ɗin Tsalle-tsalle: Tambayoyin da Masu Kewar Yarinta Suke Yawan Yi

Duk majalisar da aka tayar da zancen gem ɗin yarinta, sai ka ga manya masu furfura a gemu sun manta da shekarunsu. Wannan ya kwaikwayi kiɗan Mario da baki, wancan ya rantse shi ne gwanin layinsu, wani ya tuna dukan da ya sha ranar da adafta ta ƙone. Daga nan tambayoyi su biyo baya, kuma kusan su ɗin ne kullum. Ga su nan na tattara, daga masu sauƙi zuwa masu ɗan zurfi.

Wane irin gem ake nufi da na tsalle-tsalle?

Shi ne gem ɗin da kake kallon jarumi daga gefe, kamar mai kallon wani yana tafiya a kan katanga. Yana gudu daga hagu zuwa dama, hoton yana janyewa tare da shi, aikinka kuwa tsalle: ka tsallake rami, ka dira kan abokin gaba, ka hau dandamali, ka kai ƙarshen mataki kafin lokaci ya ƙare. A ƙarshen kowane zango akwai bos yana jiranka, kamar dai a finafinan Indiya da na Cana. Mario, Sonic, Adventure Island, Mega Man da Aladdin duk 'yan gida ɗaya ne. Contra ɗan'uwa ne na kusa, sai dai shi harbi ya fi yawa a cikinsa.

Wa ya ƙirƙiro Mario, kuma a wace shekara?

Shigeru Miyamoto ne, ma'aikacin kamfanin Nintendo da ke birnin Kyoto a Japan. Mario ya fara fitowa a 1981 a cikin Donkey Kong, inda yake hawan tsani yana kauce wa gangunan da goggon biri ke mirgino masa. Amma wanda muka sani, mai laimar kwaɗi da kunkuru da koren bututu, shi ne Super Mario Bros., wanda ya fito a Japan ranar 13 ga Satumba 1985. Miyamoto ya tsara shi tare da Takashi Tezuka, kiɗan nan da ya ƙi fita daga kanka kuma Koji Kondo ne ya haɗa shi. An sayar da kwafi sama da miliyan 40, ban da na jabu, waɗanda babu mai iya ƙirga su.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙanƙantarsa. Duniya 8, kowace da mataki 4, matakai 32 ke nan, duk a cikin kilobayit 40. Hoto guda da za ka ɗauka da wayarka yau ya ninka shi sau da yawa. Ƙarancin wuri ne ya sa suka yi ta dabara: ka lura da gajimare da ciyayi a matakin farko, zane ɗaya ne, launi kawai aka canza. Hular Mario ma dabara ce, don zana gashi da 'yan ɗigo kaɗan aiki ne, gashin baki kuma ya hutar da su zana baki.

Na'urar da muka buga a gida ainihin Nintendo ce?

Ga yawancinmu, a'a. Ta asalin sunanta Famicom, ta fito a Japan a Yulin 1983, aka sake mata fasali aka kai ta Amurka a 1985 da sunan NES. Abin da ya cika kasuwanninmu kwaikwayonta ne daga masana'antun Taiwan da Cana. Wata an yi mata jikin Sega, wata an haɗa mata allon rubutu irin na kwamfuta don iyaye su ɗauka ta karatu ce, wata kuma, PolyStation, an yi mata siffar PlayStation sak, sai ka buɗe murfin faifai ka tarar da ramin kaset yana kallonka. Yara da yawa sun yi murnar Sallah ta rabin awa a kan wannan.

Ba mu kaɗai ba ne. A Rasha sunanta Dendy, a gabashin Turai Terminator, kuma su ma yaransu ba su san akwai wata ta asali ba sai da suka girma. Kaset ɗinta mai haƙora 60 ne irin na Japan, na NES kuwa 72, shi ya sa wanda aka kawo wa tsarabar kaset daga Amurka ko Ingila yake rasa inda zai cusa shi.

Kaset ɗin nan mai gem dubu tara da ɗari tara da casa'in da tara, da gaske ne?

Ƙarya ce tsagwaronta, kuma duk mun gano, amma ba mu fasa bin jerin ba ko Allah zai sa a dace. Gem kaɗan ne a ciki, sau da yawa ba su kai ashirin ba: Mario, harbin agwagwa, tankokin yaƙi, mai zaki, tseren babur. Sauran lambobin maimaici ne. Lamba ta 40 Mario ne da ya fara daga duniya ta uku, ta 200 Mario ne da aka canza wa launin sama, ta 700 shi ne dai amma da rayuka masu yawa. Dalili kuwa wuri: kaset ɗin ba zai ɗauki manyan gem da yawa ba, sai aka zuba ƙanana na farkon zamanin Famicom. Manya irin Super Mario Bros. 3 galibi kaset guda suke cinyewa, kuma wanda yake da shi a unguwa sarki ne, har aron keke ake ba shi.

Hura kaset da baki yana gyara shi?

Ba ya gyarawa. Idan hoto ya fito a dagule, ko allo ya tsaya fari fat, matsalar ita ce haƙoran kaset ba su haɗu da na na'ura sosai ba. Cirewa da mayarwa shi ne yake gyara zaman, hurawar kuwa al'ada ce kawai muka gada daga yayyenmu. Illa ma take yi, domin danshin numfashi yana sa haƙoran tsatsa a hankali. Wasu har lasa suke yi, Allah Ya shirye mu. Wanda yake da tsohon kaset yau, ya sami auduga da ɗan sifirit ya goge haƙoran, ya bari su bushe kafin ya saka.

Me ya sa gem ɗin da suka fi na yanzu wahala?

Dalili na farko gado ne daga na'urorin kasuwa da ake jefa wa kwabo. A can, mutuwarka ita ce cinikin mai shago, don haka aka tsara gem ya kashe ka da wuri. Da aka dawo gida ba a bar halin ba. Na biyu, gem ɗin gajeru ne. Gwanayen duniya suna gama Super Mario Bros. a ƙasa da minti 5, ta gajerun hanyoyin da na ambata a amsa ta gaba. In ba a cika shi da ramuka da tarko ba, yaro zai cinye shi a yini guda.

Na uku shi ne wanda ya fi ƙona mana rai: babu ajiya. Rai uku aka ba ka, in sun ƙare ka koma farko. Mega Man 2 ya kawo lambar sirri da kake rubutawa a bayan littafin makaranta, Super Mario World da Sonic 3 suna ajiyewa, amma akasarin abin da muke da shi ba ya tuna komai. A Japan wannan ƙaramar matsala ce. A wajenmu kuwa akwai bos ɗin da ya fi Bowser, babban abokin gaban Mario, wato ɗaukewar wuta. Ina tuna wani yammacin Alhamis, babu Islamiyya, Yayana ya kai duniya ta takwas, mu shida a tsugune bayansa babu mai tari. Fanka ta fara rage gudu, allo ya tsuke ya koma ɗigo ɗaya fari a tsakiya. Bai ce komai ba. Ya ajiye hannun gem a hankali kamar ƙwai, ya fita ya zauna a dakali har aka kira magariba.

Waɗanne sirrika ne na gaske, waɗanne ne labarin yara?

Na gaske suna da yawa. A Mario, mataki na biyu na duniya ta ɗaya, na ƙarƙashin ƙasa, in ka hau saman rufi ka wuce bututun fita za ka tarar da bututu uku masu kai ka duniya ta 2, ta 3 ko ta 4. A mataki na biyu na duniya ta huɗu akwai ɓoyayyen reshe mai hawa da kai inda za ka zaɓi ta 6, ta 7 ko ta 8. Sulalla 100 rai guda ne. A ƙarshen matakin farko na duniya ta uku, in ka tare kunkuru a kan matattakala kana dira a kansa, rayuka za su yi ta ƙaruwa. Ga kuma wanda da mun san shi da an rage kuka: bayan rayuka sun ƙare, ka danne A ka latsa Start, sai ka ci gaba daga farkon duniyar da ka mutu a cikinta.

A Contra: sama, sama, ƙasa, ƙasa, hagu, dama, hagu, dama, B, A, sannan Start, rai 30. Kazuhisa Hashimoto na kamfanin Konami ne ya ƙirƙiro lambar lokacin da yake aikin Gradius, don gem ɗin ya yi masa wuya wajen gwaji. A Sonic na farko: sama, ƙasa, hagu, dama a allon buɗewa, in ka ji ƙarar zobe sai ka danne A da Start, jerin matakai ya bayyana.

Na ƙarya kuwa kowace unguwa da nata. A tamu an ce akwai wani yaro a wata unguwar da ya buɗe duniyar da Mario yake auren gimbiya. Ba wanda ya taɓa ganin yaron.

Tsakanin Mario da Sonic, wanne ya fi?

Tambayar da ta raba abokai ke nan. Sega ta fitar da Mega Drive a Japan a 1988, tana neman jarumin da zai kara da Mario, sai ga Sonic a 1991: bushiya mai launin shuɗi da jan takalmi. Naoto Ohshima ya zana shi, Yuji Naka ya rubuta manhajar, Hirokazu Yasuhara ya tsara matakan. Dabararsa ita ce zobba. Muddin kana da ko guda ɗaya taɓawar abokin gaba ba ta kashe ka, in an taɓa ka su watse ka bi su da gudu kana tsinta kamar wanda aljihunsa ya yage a kasuwa. Sannan akwai kiɗan nutsewa a ruwa, wanda har yau in na ji shi gabana sai ya faɗi.

Ni dai a ganina Mario ya fi tsari, Sonic ya fi burgewa. Tsallen Mario yana da nauyi, ka san inda za ka dira, in ka mutu ka san laifinka ne. Sonic yakan tunzura ka da gudu sannan ya dasa maka ƙaya inda ido bai kai ba. Amma Sonic 2 na 1992 ya yi wa ƙanne adalcin da Mario bai yi ba, kuma na yi bayaninsa a amsa ta ƙarshe.

Akwai gem ɗin da nake tunawa amma na manta sunansa. Yaya zan gano shi?

Da yake ba mu iya karanta sunayen ba a lokacin, da siffa muke kiransu. Yaro mai ɗan kamfai da hula, yana jifa da gatari, yana hawa katako mai taya, ƙarfinsa yana raguwa in bai ci ayaba da tuffa ba: Adventure Island ne, na kamfanin Hudson, 1986. Mai hawa zaki yana ratsa zoben wuta, sannan ya bi igiya birai suna taho masa: Circus Charlie. Mai farin kaya da takobi, wanda ƙasa ke ruftawa da shi kuma aka ba shi minti 60 kacal ya ceto gimbiya: Prince of Persia, 1989, wanda Jordan Mechner ya ɗauki ƙanensa a bidiyo yana gudu da tsalle sannan ya kwafe motsin, shi ya sa tafiyarsa take kama da ta mutum. Ɗan mutum mai jar hula da sai ya ɗauki kofi kafin ƙofa ta buɗe, wanda ake ɓoyewa a kwamfutocin makarantun koyon kwamfuta: Dangerous Dave. Jar ƙwallo a wayar Nokia mai bi ta cikin zobba tana tsoron ƙaya: Bounce, kuma 787898 ce lambar da ke hana ta fashewa.

Shin ni kaɗai ne na kasa wuce mataki na biyu a Lion King?

Kwantar da hankalinka, kuna da yawa. Gem ɗin ya fito a 1994 daga kamfanin Westwood, kuma matakin nan na raƙuman dawa da jimina da biran da sai ka yi musu gurnani su juya kafin su jefa ka daidai ya yi suna a duniya wajen wahala. Aladdin na Sega, na 1993, ya fi shi sauƙin kai, kuma masu zanen Disney da kansu suka yi aikin motsinsa.

Me ya kawar da su daga shagunan gem?

Abu biyu: faɗa da ƙwallo. Mai shago kuɗinsa yana kan juyawa. Street Fighter II da Mortal Kombat mutum biyu suke ɗauka, a gama cikin 'yan mintoci, wanda aka ci ya tashi. Gwanin Mario kuwa zai riƙe hannu awa guda da kuɗin wasa ɗaya. Da PlayStation ta iso da gem ɗin ƙwallo, zance ya ƙare, shagon gem ya koma filin Brazil da Faransa. A can waje ma kamfanoni sun koma hoto mai zurfi, wato 3D, tun daga Super Mario 64 da Crash Bandicoot a 1996.

Amma nau'in bai mutu ba. New Super Mario Bros. ya dawo da shi a 2006, sai Shovel Knight a 2014, Sonic Mania da Hollow Knight a 2017, Celeste a 2018, da Super Mario Bros. Wonder a 2023.

Na buga a waya, sai na ji kiɗan ya fi sauri, hoton kuma ya yi muni. Ƙwaƙwalwata ce?

Kunnenka bai yaudare ka ba. Talabijin a Japan da Amurka tana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, tamu a Najeriya da Nijar, kamar ta Turai, sau 50. Gem da yawa ba a daidaita su ba, don haka a wajenmu suna tafiya da jinkirin kusan kashi ɗaya cikin shida. Sonic na farko shi ne babban misali, har kiɗansa a sanyaye muka san shi. Abin da kake samu yau galibi na sau 60 ne, wato yadda masu shi suka nufa.

Hoton kuwa, an zana shi ne don talabijin mai ƙusumbi, wadda take narkar da ɗigo cikin ɗigo har gefuna su yi laushi. Allon zamani yana fito da kowane murabba'i ƙuru-ƙuru. Yana kuma da ɗan jinkiri tsakanin latsawa da motsi, wanda ya isa ya jefa ka rami. Wannan bambancin allo ne ya sa bindigar harbin agwagwa ba ta aiki a sabuwar talabijin ko kaɗan.

Ta wace hanya zan buga su yau?

Hanya mafi tsafta ita ce ta masu kayan. Sonic 1 da 2 suna nan a waya a hukumance. Nintendo tana zuba tsofaffin gem ɗinta a na'urarta ta Switch ga masu biyan kuɗin rajista, ta kuma fitar da ƙaramar NES mai gem 30 a 2016, Sega ta biyo da ƙaramar Mega Drive mai gem 42 a 2019. Akwai kuma manhajojin da ke kwaikwayon tsofaffin na'urori a waya da kwamfuta, irin su RetroArch. Manhajar kanta ba laifi ba ce, amma gem ɗin har yanzu mallakar kamfanoninsu ne, kuma shafukan da ke raba su kyauta sukan haɗa maka da ƙwayar cuta.

Shawara ɗaya: kada ka buga da shafa gilashi. An gina gem ɗin nan don babban yatsa ya ji maɓalli a ƙarƙashinsa. Nemi hannun gem ko mai araha ne, ka haɗa da wayar.

Na tsinci tsohuwar na'urarmu a ɗakin ajiya. In kunna? Tana da daraja?

Kafin ka jona, duba adafta. Wutar Japan bolt 100 ce, ta Amurka 120, tamu 220 zuwa 230, kuma adaftar da ba ta wutarmu ba tana shiga soket sai hayaƙi. Kada kuma ka ɗauki kowace adafta don bakinta ya shiga. Ta NES ta asali in aka sa wa Famicom ƙona ta take yi. Ka kai wa mai gyaran rediyo ya karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashin na'urar, ka goge kaset kamar yadda na faɗa a amsar hurawa, ka nemi wayar nan mai kai rawaya da fari.

Batun kuɗi, kada ka sa rai. Gaskiya ne a 2021 an sayar da wani Super Mario Bros. kan dala miliyan 2, amma na asali ne, a rufe cikin ledarsa ba a taɓa buɗewa ba. Rawayan kaset ɗinmu mai hoton da bai da alaƙa da abin da ke ciki, sai dai ka ajiye shi don tarihi.

Na samu, na buga, amma minti goma na gaji. Me ya canza?

Gem ɗin yana nan yadda yake, ɗakin ne ya zama babu kowa. Ka tuna yadda ake yi. Na'ura ɗaya a layi gaba ɗaya, sai an roƙi Baba, wanda ya yi imani gem yana lalata talabijin, kuma dole a kashe kafin labaran ƙarfe tara. Umma ta taɓa adafta ta ce ta yi zafi, a sa mata mafici. Doka ita ce rai ɗaya ɗaya, in ka mutu ka miƙa hannu. Ƙane kullum shi ne Luigi, ɗan'uwan Mario, kuma Luigi ba ya motsi sai Mario ya mutu, don haka yana zaune yana yi wa Yayansa addu'ar faɗawa rami a zuci. A Contra kuwa mutum biyu ake yi tare, wanda rayukansa suka ƙare yana iya satar na ɗan'uwansa, a matakin hawan ruwa kuma in ka cika sauri allo ya haɗiye na ƙasa. Faɗa nawa aka yi a kan wannan. Sonic 2 ne ya kawo sulhu: a ba ƙaramin hannu na biyu ya riƙe Tails, abokin Sonic, wanda ko ya mutu sau ɗari zai dawo yana shawagi da jelarsa.

Yanzu kana da ajiya a kowace daƙiƙa, babu mai jiran ka mutu, babu mai ihu in ka tsallake. Don haka in za ka gwada, kada ka gwada kai kaɗai da dare. Haɗa shi da talabijin ɗin falo, ka kira yara, ka kafa tsohuwar doka ta rai ɗaya ɗaya, kuma kada ka nuna musu bututun sirri. Na yi haka da 'yata mai shekara bakwai. Abokin gaban farko da ke tahowa a matakin farko ya kashe ta sau huɗu a jere. A na biyar ta tsallake shi, ta ɗaga hannun gem sama tare da tsallen har waya ta kusa fizgewa, ta juyo ta ce, "Abba, kar ka karɓa, ban mutu ba tukuna."